Sunan Iri da Ainihin Iri: Ƙaramin Tumatir na Garkar Gida a Darini

Abin da ya jawo wannan 'yar maƙala shi ne wani tsiro da na tarar a garkar wani gida a Darini, cikin ƙasar Batsari. Ba wanda ya shuka shi. Ya fito ne da damina kusa da makwararar wanke-wanke, ya yi yaɗo bisa darni, ya zuba 'ya'ya jajaye ƙanana, kowanne bai wuce girman magarya ba. Uwargida ta ce tumatur ne, kamar yadda ake faɗi a wannan yanki. Maƙwabciyarta ta ce gauta ne na daji, kada a bari yara su ci. Tambayar da suka yi mini ita ce: wane iri ne?

Wannan tambaya kashi biyu ce, kuma na farko ya fi gaggawa. Tumatir da gauta da yalo duk gida ɗaya suke, watau dangin da masana tsirrai ke kira Solanum. A cikin gidan nan akwai gautan kaji da gautan kura, waɗanda likita J. M. Dalziel ya kawo sunayensu a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Ɗanyun 'ya'yan gautan kaji na iya cutarwa, saboda haka tsoron maƙwabciya ba na banza ba ne. To amma rarrabewa ba ta da wuya. Furen tumatir rawaya ne, na gautan kaji fari. Ganyen tumatir a rarrabe yake gida-gida bisa kara guda, yana da gashi, in an murza shi kuma sai ya bar ƙamshin nan nasa a hannu. Ganyen gautan kaji guda ne, 'ya'yansa in sun nuna baƙi suke yi. Gautan kura kuwa ƙaya gare shi, 'ya'yansa rawaya. Tsiron Darini tumatir ne, babu shakka, daga reshen nan mai ƙananan 'ya'ya da ake kira cerasiforme.

Kashi na biyu shi ne ya fi shafar mai nazarin harshe. Kalmar kanta baƙuwa ce. Asalin tsiron yammacin Amurka ta Kudu ne, wajen Feru da Ekwado; sunansa kuma daga tomatl na harshen Aztek ya bi ta Sifaniyanci da Ingilishi kafin ya zama tumatir a bakin Bahaushe. Da Bahaushe ya zo raɗa wa ire-irensa suna, sai ya bi tsohuwar hanyarsa ta jingina iri ga inda yake jin ya fito. Haka ya yi wa gyaɗa 'yar Dakar da mangwaro ɗan Kamaru, haka kuma ya yi wa tumatir ɗan Siriya. Irin wannan suna labarin hanya yake bayarwa, ba ya siffanta tsiron. Wani lokaci ma labarin kan karkace. Tumatir Roma, alal misali, ba daga birnin Rum ya zo ba; ma'aikatar gona ta Amurka ce ta fitar da shi a 1955. Wanda 'yan kasuwa ke kira Yutisi kuwa, ainihin lambarsa UC82B ce, daga Jami'ar Kalifoniya.

Bisa ga haka, mai son sanin irin da ke garkarsa sai ya koma ga tsiron kansa. Roma da Yutisi gajeru ne, sukan tsaya da girma su zuba 'ya'ya kusan lokaci guda, abin da mai noman rani ke so. Na Darini bai daina tsawo ba, yana fure yana nuna har iskar hunturu ta kama. In an yanka shi a gicciye, ɗaki biyu ake gani cike da iri, ba tsoka mai yawa, ga tsami.

Sa'an nan akwai gwajin da ya fi duka, sai dai yana bukatar haƙurin shekara guda. Furen tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, don haka tsohon iri kan haifi kamarsa. Irin aure da ake sayarwa cikin fakiti ba haka yake ba: in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa, sai su fito barkatai, wani dogo wani gajere. Idan aka shuka ƙwaya ashirin daga tsiron Darini duka suka fito kama ɗaya, to, an sami zaunannen iri, wanda mai yiwuwa ya daɗe yana zagaya juji da garka ta bakin kaji da ruwan wanke-wanke.

A ganina, irin wannan tsiro bai bukatar a laƙaba masa sunan kamfani. Abin da ya kamata malamai da ɗalibanmu su yi shi ne su rubuta sunan da matan gida ke kiransa da shi a kowane ƙauye, daga Batsari zuwa Safana, tare da siffarsa. Rashin tsaro ya tada ƙauyuka da dama a gefen dajin Rugu, kuma wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa ɗaukar ƙullin iri daga rufin ɗaki. Uwargidan Darini dai ta matse 'ya'ya goma bisa tsumma, ta shanya a inuwa, ta rataye.