Wa Zai Ɗauki Nauyin Makarantar Zaman Tare A Jos?

Duk dattijon da ya san garin Jos a zamanin haƙar kuza, zai ba da labarin gari ne wanda ya tara baƙi daga kowace kusurwa. Tun da jirgin ƙasa na Zariya ya hau tudun nan a cikin 1914, Hausawa da Yarbawa da Ibo da Barebari suka yi ta kwarara, suka tarad da Birom da Anaguta da Afizere, aka ci kasuwa ɗaya, aka sha ruwan rafi ɗaya. Ladan na kiran salla, ƙararrawar coci na kaɗawa, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi wani.

Wannan zama ya tsinke ran 7 ga Satumba 2001, lokacin da faɗa ya ɓarke bayan sallar Juma'a, aka yi kusan mako guda ana zub da jini, har aka ƙiyasta mutum wajen 1,000 sun halaka. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002. Rikici ya sake tashi a Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya kuma dawo a Janairu 2010. Abin da ya biyo baya shi ne rabuwar unguwanni: Musulmi suka tattara a irin su Unguwar Rogo da Gangare, Kirista a irin su Unguwar Rukuba da Jenta Adamu. Akwai samarin da aka haifa bayan 2001 waɗanda har suka yi gemu ba su taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba.

ABIN DA DOKA TA CE

A kan takarda kam, ba a bar komai a baya ba. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin bin addinin da ya ga dama, da yin ibadarsa shi kaɗai ko cikin jama'a, ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta koyon addinin da ba nasa ba. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama na hukuma. Ga Musulmi kuwa, aya ta 256 ta Suratul Baƙara ta riga ta hana tilasta wa kowa a kan addini. Amma doka ba ta shiga zuciyar yaro da kanta, sai an zaunad da shi an koya masa, kamar yadda ake koya masa lissafi.

Wannan ne ya sa Babban Limamin Katolika na Jos a wancan lokaci, Akbishop Ignatius Kaigama, wanda ya daɗe yana yawon sulhu tare da amininsa marigayi Sarkin Wase, Alhaji Haruna Abdullahi, ya kafa cibiyoyi biyu. Ta fari ita ce makarantar koyon sana'a ta matasan addinai biyu a ƙasar Bokkos, wadda aka buɗe a 2011, inda aka haɗa yaran Musulmi da na Kirista su koyi kafinta da sauran sana'o'in hannu, kowa kuma ya riƙe ibadarsa. Ta biyu ita ce Cibiyar Tattaunawa da Sulhu da Zaman Lafiya, wadda aka fi sani da DREP, a Kwang kusa da Refil, da aka buɗe a 2013. A nan ne aka riƙa tara malamai da fastoci da masu unguwanni da shugabannin mata da na matasa da jami'an tsaro, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa a gaban ɗan'uwansa. An ɗauke Kaigama zuwa Abuja a 2019, amma tambayar da ke kan kowace cibiya irin wannan tana nan daram: wa zai ci gaba da biyan kuɗin?

RIJIYAR WAJE TA JA BAYA

Cibiya irin wannan ba kanti ba ce, ba ta sayad da komai, ba ta neman riba. Amma tana cin kuɗi kullum: albashin malamai, abincin ɗalibai, kuɗin motar mutumin ƙauye da aka kira taro, man janareta, katako da zarto da ƙusa. Shekara da shekaru, mafi yawan ayyukan sulhu a arewacin ƙasar nan sun dogara ne ga ƙungiyoyin agaji na Turai da Amurka. A 2025 gwamnatin Amurka ta dakatad da yawancin taimakonta na ƙetare, ta kuma rufe hukumarta ta USAID. Ingila ma ta ba da sanarwar rage nata kason. A gida kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, Naira ta faɗi, tsadar komai ta ninka.

Ban da ƙafewar kuɗi, akwai wata illa a dogaro ga baƙo. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da kuɗi yakan zo da tsarinsa da wa'adinsa, shekara biyu ko uku ya tattara ya tafi, alhali gyaran zukata aikin ƙarni ne. Bugu da ƙari, idan jama'a suka san kuɗin daga ƙetare yake, zargi yakan shigo, wannan ya ce ana so a sauya wa 'ya'yansa addini, wancan ya ce an sayi malaminsa.

DA RUWAN CIKI

Hanya ta fari ita ce asusu na dindindin. Musulunci ya san waƙafi tun zamanin Sahabbai, watau a tsayad da gida ko gona ko rumfar kasuwa, a bar asalin dukiyar, a riƙa cin amfaninta a kan aikin alheri. Zakka tana da waɗanda aka ƙayyade a ba, wannan kuwa maganar malamai ce, amma ƙofar sadaka da waƙafi a buɗe take. Rumfuna goma da ake karɓar hayarsu duk wata sun fi alkawarin miliyoyin da ake shelantawa a bikin gidauniya, a yi tafi, a ci shinkafa, a watse, daga nan ba a sake jin ɗuriyar mai alkawarin ba.

Ta biyu ita ce ƙananan gudummawa masu ɗorewa. Masallatan Juma'a suna iya keɓe Juma'a ɗaya a shekara, coci-coci su keɓe baikon Lahadi ɗaya. 'Yan gwari masu lodin dankalin Turawa da kabeji da tumatir daga Bokkos da Mangu zuwa kudu, da direbobi da 'yan tireda, su suka fi kowa sanin asarar da dokar hana fita ta kwana uku take jawowa. Abin da za su ba da a shekara bai kai ɓarnar kwandunan tumatir na yini ɗaya ba.

Ta uku ita ce gwamnati. Jihar Filato ta kafa Hukumar Gina Zaman Lafiya a 2016, a zamanin Gwamna Simon Lalong, kuma tana iya tallafawa da fili ko kayan aiki. Sai dai kada cibiyar 'yancin addini ta zama 'yar amshin shatan mai mulki, domin wata rana shi za ta faɗa wa gaskiya.

AMANA ITA CE JARI

Ba wanda zai zuba kuɗinsa a tulun da bai ga gindinsa ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyin da suka yi rajista da amintattu su miƙa lissafinsu ga Hukumar Rajistar Kamfanoni. Wannan kaɗai bai isa ba. Kamata ya yi majalisar amintattun asusun ta ƙunshi Musulmi da Kirista, maza da mata, kada a fid da ko kwabo sai da sa hannun ɓangarorin biyu, sa'an nan a karanta lissafin shekara a bainar jama'a, da Hausa da Turanci. Musulmin da ke ɗari-ɗari saboda coci ce ta aza harsashin, maganin shakkarsa shi ne ya sa kuɗinsa ya kuma karɓi kujerarsa.

A watan Yuni 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, limamin ƙauyen Nghar, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. A 2019 Amurka ta ba shi lambar girma ta 'yancin addini. Liman bai yi karatu a wata cibiya ba. Ya tashi ne a zamanin da maƙwabtaka kanta take tarbiyyar yaro. Yaran Unguwar Rogo da na Unguwar Rukuba ba su gaji wannan maƙwabtaka ba, dole sai an gina musu ɗakin da za su haɗu, an biya malamin da zai tsaya a kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar nan ta mutanen Jos ce.