Titi da Ganuwa: Wanne Zai Kauce wa Wani?

Idan ka shiga tsohon garin Bauchi, ka ratsa unguwannin da ke mazaɓar Ɗan Iya, za ka ji direbobi suna ambaton Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti ko Ƙofar Nasarawa. Waɗannan sunayen ƙofofin ganuwar birnin ne. Malam Yakubu, wanda Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya ba tuta, shi ne ya kafa birnin a shekarar 1809, kuma a zamaninsa aka gina ganuwar da ƙasa. Sunayen suna nan har yau, amma ganuwar ta zaizaye a wurare da yawa.

Kada ka yi saurin ganin laifin kowa. Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, jama'a suke ta ƙaruwa. Ƙofar da aka yi domin doki da jaki ba za ta wadatar da babbar mota ba. Marar lafiya yana bukatar titi zuwa asibiti, unguwa kuma tana bukatar magudanar ruwa kafin damina. Sai dai titin da ya lalace ana sake shimfiɗa shi, ganuwar da aka rushe kuwa ta tafi ke nan. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa ta Kano domin faɗaɗa hanya. Daga baya an gina wata a wurin, amma sabuwa ba ta zama tsohuwa ba.

Ganuwa ma da sauƙi, domin kowa yana ganinta. Abin da ya fi wuya shi ne wanda ke binne a ƙasa. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumi na yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da kwalekwale mai kimanin shekara 8,000. Ka lura, ba masana ne suka gano su ba. Masu neman abin rayuwa ne.

To, me ya sa masana suke damuwa idan aka tono abu ba da saninsu ba? Dalili shi ne ƙasa hawa-hawa take. Abin da ke can ƙasa yakan girmi wanda ke sama. Idan masani ya sami tukunya a inda take, tare da gawayi da ƙasusuwa a gefenta, zai auna gawayin ya san shekarunta, ya kuma gane abin da masu ita suke ci. Amma idan motar haƙa ta kwashe komai ta juye a gefen titi, an sami tukunya, an rasa labarinta.

Saboda haka maganar ba ta hana aiki ba ce, ta tsara shi ce: bincike ya riga haƙa. Dokar 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta kuma hana tonon kayan tarihi ba da izini ba. Wata dokar ta 1992 ta ce a nazarci illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Idan aka duba da wuri, ana iya karkatar da titi ya bi ta gefen ƙofa. Idan hakan bai yiwu ba, sai a auna wurin, a ɗauki hotuna, a kwashe kayan a tsanake. Masar ta yi abin da ya fi haka: tsakanin 1964 da 1968 an yayyanka gine-ginen dutse na Abu Simbel, aka sake haɗa su a kan tudu, don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye su. Aikin ya ci kuɗi ƙwarai, ba kowane gari ne zai iya irinsa ba.

Kai fa, in wata rana ana haƙa harsashin gini a unguwarku ka ga fasassun tukwane ko kashin maƙera, kada ka ɗauke su, kada kuma ka wanke su. Ka sanar da mai unguwa, shi kuma ya kai labari ga ma'aikatan gidan tarihi.