Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse: Romon Naman Sa Da Ɗanwake

 Yau na ajiye alƙalamin soyayya na ɗauki ludayi, domin ina so in ba ku labarin wata kunya da na sha, wadda ba na fatan ko maƙiyiyata ta sha irinta.

Satina uku da tarewa a gidan maigidana da ke Mabera a nan Sakkwato, cikin shekarar 2023, sai ya dawo daga masallaci da asuba ya ce mini Hajiyarsa za ta zo ganin ɗakina da azahar. Gabana ya faɗi, don Hajiya tsohuwa ce da ta yi suna a dangi wajen iya girki, ga shi kuma haƙoranta sun yi saura kaɗan. Maigida ya tafi wajen rundawa ya sayo naman sa kilo guda, rabi wuya rabi ƙauri. Ni kuwa da yake lokaci ya ƙure, sai na buɗe wa tukunya wuta iyakar ƙarfinta, a tunanina yawan wuta shi ne saurin nuna. Ruwa ya ƙone na ƙara, ya sake ƙonewa na sake ƙarawa. Bayan awa guda na sauke, na kai gaban Hajiya cikin sababbin kwanukana ina ta sunne kai.

Ta ɗauki tsoka guda ta kai baki, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, can sai ta fiddo ta a hankali ta ajiye a gefen faranti. Ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata, naman ga ko na tsohon raƙumi na?" Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Romo kawai ta kurɓa ta yi mini addu'a ta tafi. Maigida bai ce mini uffan ba, kuma shirun nan nasa ya fi zagi ciwo a wurina.

Washegari na nemi izini na tafi gidan kakata a Kanwuri, ina shiga na fashe da kuka. Da ta gama jin bayanina sai ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ke dai kin cika garaje. Nama awa namiji na, in kin matsa mai shi ƙara tauri, in kin lallashe shi shi narke. Tahi ki ɗauko tukunyak ƙasa."

A gabana ta zuba nama da albasa da kayan ƙamshi da ruwa kaɗan, ta bari ya tafasa sau ɗaya, sannan ta janye itacen ta bar garwashi, ta barbaɗa masa toka ta rufe tukunyar. Tun hantsi har la'asar ba ta yi komai ba sai ƙara ɗan gawayi jefi-jefi. Da ta buɗe, da cokali muka yanka naman.

Daga baya na gane dalilin abin. Shanunmu, irin su bokolo da ake kawowa kara, dabbobi ne masu dogon kiwo da tafiya, saboda haka wuyansu da ƙirjinsu da ƙaurinsu cike suke da jijiya. Wuta mai ƙarfi takan sa tsoka ta takure ta matse ruwanta waje tun jijiyar ba ta fara laushi ba. Ita kuwa jijiya ba abin da ke narkar da ita sai ɗumi da ruwa da dogon lokaci, kuma idan ta narke ita ce ke ba romo kaurin nan da ke maƙale wa mutum a leɓe. Ashe naman da na raina shi ne ya fi dacewa da romo, ni ce ban ba shi haƙƙinsa ba.

Bayan 'yan watanni gwaggona ta kawo mini gudunmawar da ta yi alkawari, wata tukunyar lantarki mai kaskon tangaran a ciki da murfin gilashi, wadda ba ta san komai ba sai dafuwa a hankali. Tarihinta ma abin sha'awa ne. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya ƙirƙiro ta, ya sami takardar mallakar fasaharta a 1940. Mahaifiyarsa ce ta ba shi labarin yadda Yahudawan ƙasar Lituweniya, da yake ba sa hura wuta ranar Asabar, suke kai tukunyar wake da nama gidan burodi tun ranar Juma'a, ta kwana cikin ɗumin tanda har gari ya waye. Kamfanin Rival ya sayi kamfaninsa a 1970, ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot a 1971, matan Amurka masu fita aiki suka yi ta rububinta. Da na karanta wannan sai na ce ashe tukunyar kakata ce aka sa wa waya!

To ga yadda nake yi, ko da lantarki ko da garwashi. Ki tanadi naman wuya ko ƙirji kilo 1, albasa manya 2, tumatir 4, tattasai 2, tarugu gwargwadon bakinku, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, daddawa, gishiri, dunƙulen magi, man gyaɗa cokali 3, karas da dankalin turawa.

Ki yanka naman manya-manya, ki wanke ki tsane shi sosai. Ki ɗora mai a kasko ki soya shi kaɗan-kaɗan har gefensa ya yi ja, domin wannan suyar ita ce ke kawo ƙamshi. Ki soya albasa da jajjagen kayan miya a ragowar man. Sai ki shimfiɗa karas da dankali a ƙasan tukunya, don sun fi son zafi, nama a bisa, ki juye jajjage da kayan ƙamshi. Ruwa kuwa kada ya wuce ya ɗan taɓo saman naman, saboda a wannan dafuwa tururi ba ya fita, ruwa ba ya ƙonewa. Kada ki cika tukunya fal, kashi biyu cikin uku ya isa. A tukunyar lantarki, ƙaramar wuta awa 8 ce, babbar wuta awa 4 zuwa 5. A tukunyar ƙasa kan garwashi awa 4 kan wadatar, sai dai ki bar dankali da karas sai saura awa guda. Sannan ki riƙe hannunki, 'yar uwa, kada ki yi ta leƙe, domin duk buɗe murfi ɗaya zafi ne ya gudu.

Turawan Ingila kan ci irin wannan romo da wasu 'yan curi na fulawa da kitsen sa da bekin foda. Sukan jera su a saman romon idan saura kamar awa guda a sauke, su ƙara wuta su rufe, tururi ya kumbura su. Da na ga haka sai na ce ai ɗanwakenmu ne, na kwaɓa nawa na jefa kai tsaye cikin tukunyar. Kai, ranar kunu muka sha! Ɗanwake yana bukatar ruwan da ke tafasa da ƙarfi don ya kama jikinsa nan take, ita kuwa wannan tukunya ba ta kai nan, ga kuka da kanwa suka sa romon ya yi duhu da yauƙi.

Saboda haka ki dafa shi daban. Ki haɗa garin wake gwangwani 2, garin rogo ko fulawa gwangwani 1, kuka cokali 2, ki kwaɓa da ruwan kanwa da kika jiƙa kika tace, kada ya yi ruwa kada ya yi tauri. Idan ruwa ya tafasa sosai ki riƙa jefawa ƙanana-ƙanana. Za su nutse sannan su taso sama, ki ba su kamar minti 10 zuwa 15 bayan sun taso, ki tsame cikin ruwan sanyi, ki tsane a kwando. Saura minti 10 ki sauke romo sai ki zuba su ciki su sha ɗanɗano.

Akwai gargaɗi guda uku. Na farko, in tukunyar ta gwanjo ce ki duba ƙasanta, domin ta Amurka wutar 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, kina jona ta za ta ƙone. Na biyu, in aka ɗauke wuta kina gida, maza ki juye a tukunyar ƙarfe ki ƙarasa a kurfoti, amma kada ki ɗora kaskon tangaran a wuta, zai tsage. Na uku, in ba kya nan aka ɗauke, kika dawo kika tarar ta huce ba ki san tun yaushe ba, to ki haƙura da naman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi, balle a zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40. Asarar kilo guda ta fi kwana a gadon asibiti sauƙi.

Da ƙaramar salla ta 2024 Hajiya ta sake zuwa. Tun dare na ɗora tukunyar ƙasa, don ban yarda in jingina mutuncina da wutar lantarki ba. Na zauna a gefe ina satar kallonta, zuciyata na dukan uku-uku. Ta ci, ta ƙara, ta suɗe yatsu, sannan ta ce, "Ɗiyata, zuba man saura cikin kula in tahi da shi gida." Maigida ya dube ni ta wutsiyar ido, ni kuwa na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina.

Ƙannena 'yan makaranta, ku fara gwadawa tun kuna gaban iyayenku, inda in kun ɓata dariya kawai za a yi muku. Wadda kuma take da kaka a raye, ta je ta zauna kusa da murhunta tun kafin lokaci ya ƙure. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.