Ko Ka Sani? Katafila Da Hanyarta Take Yawo

Kafin tireloli da tankokin mai su samu titin bayan gari da zai raba su da cunkoson kasuwa, irin bai-fas na gabashin Kano ko na yammacin Kaduna, sai wata mota ta fara kutsawa inda ko turba babu: gonaki, fadama, kwazazzabai da kututture. Wannan ita ce katafila.

Sunanta ya samo asali ne daga kamfanin Caterpillar na Amurka, kalmar da ke nufin tsutsar ganye. A shekarar 1904, wani maƙerin injunan noma mai suna Benjamin Holt, a garin Stockton na jihar Kalifoniya, ya gaji da ganin manyan taraktocinsa masu aiki da tururi suna kafewa a ƙasa mai laushi. Sai ya cire wa ɗaya daga cikinsu ƙafafun baya, ya ɗaura sarƙa mai faɗi da aka jera wa katakai. Da mai ɗaukar hoton kamfanin ya ga injin yana tafiya, sai ya ce ai rarrafe yake kamar tsutsa. Shi ke nan suna ya bi shi. A 1925 kamfanin Holt ya haɗe da na C. L. Best, aka kafa Caterpillar. Fentin ruwan ɗorawa da aka san katafila da shi kuwa a 1931 aka fara shafa shi, don a riƙa hango injin daga nesa a wurin aikin hanya.

Sirrin duk yana cikin sarƙar nan. Tayar mota tana ɗora nauyinta ne a kan ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba, shi ya sa take nutsewa a taɓo. Ita kuwa katafila, sarƙarta na shimfiɗuwa a gaba, ƙananan ƙafafun ƙarfe su bi ta kai, sannan ta naɗe ta baya ta sake dawowa gaba. Nauyin sai ya bazu a kan dogon fili. Da haka ƙirar D11, mai nauyin sama da tan 100, ke tafiya a kan ƙasar da ba a taɓa daɓewa ba. In direba zai karya kwana, sai ya rage gudun sarƙa ɗaya, ɗayar ta juyo da motar.

A wurin aikin bai-fas, ita ce ke buɗe fage. Da faffaɗan ƙarfen gabanta take kankare baƙar ƙasar sama, domin saiwoyi da ciyawar da ke cikinta za su ruɓe, titi ya lotsa. In ta tarar da ƙasa mai tauri, sai ta kafa ƙaton farcen bayanta ta tsaga. Tana yanke tudu ta cike kwari. Bayanta ne tifofi ke zubo marmara, gireda ta baje, tankar ruwa ta yayyafa, rola ta daɓe.

Da zarar an zuba kwalta, an gama da ita a wurin. Haƙoran sarƙarta za su yage sabon titin, gudunta kuma bai kai na mai keke ba. Don haka a bayan doguwar tirela mai ƙasa-ƙasa ake ɗora ta, a ɗaure da sarƙoƙi, a wuce da ita inda za a fasa wata sabuwar hanya.