Shanyewar Ɓarin Jiki: Tabo A Ƙwaƙwalwa, Tushe A Zuciya

A Madadi da sauran garuruwan ƙasar Gwarzo da Kabo, idan mutum ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, akan ce iska ce ta buge shi. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa jini ne ke yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, kuma wurin da ɓarnar ta auku yakan nuna inda cutar ta taso.

Idan hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ɗan ƙaramin tabo can ciki, wanda bai wuce milimita 15 ba, galibi hawan jini ne ko ciwon sukari ya toshe wata siririyar jijiya. Amma idan tabon babba ne a saman ƙwaƙwalwa, ko kuwa tabo biyu ko uku ne a warwatse hagu da dama, to, zuciya ake fara tuhuma. Dalili kuwa shi ne, jini yakan daskare a cikin zuciya maras lafiya, gudansa ya ɓalle, ya bi jijiyar wuya, ya maƙale duk inda hanya ta ƙuntata.

Cututtuka uku ne suka fi jawo haka a ƙasar Hausa. Akwai bugun zuciya barkatai, wanda ya fi kama dattawa. Akwai lalacewar ƙofofin zuciya, wadda kan biyo bayan ciwon maƙogwaro da aka yi sakaci da shi tun yarinta. Sannan akwai ciwon zuciya na masu jego, wanda likitoci Davidson da Parry suka bayyana yawansa a Zariya cikin 1978.

Amfanin wannan bambanci ya shafi magani. Wanda gudan jininsa daga zuciya ya fito yakan bukaci maganin tsinka jini irin su warfarin, don kada ciwon ya sake dawowa. Amma wannan magani yana iya halaka wanda jijiya ce ta fashe masa a ka. Saboda haka tilas a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a auna zuciya, kafin a ba da shi.

Wajibi ne dangi su garzaya da majinyaci Babban Asibitin Gwarzo nan take, domin a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano in hali ya kama. Kowace sa'a da aka ɓata a gida, naman ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa, kuma ba ya tofowa.