Noni: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Shafa ko Ku Sha

Duk wanda ya yi damina a gonakin Funtua, Bakori, Ƙafur ko Malumfashi ya san abubuwa biyu da ba sa rabuwa da manomi: ciwon jiki da ƙaiƙayin fata. Huɗa da noma su riƙe ƙugu, girbin masara da tsinkar auduga su bar ƙuraje a wuya da hannu, maganin feshi kuma ya ƙona bayan wanda ya goya tanki. A irin wannan wuri, maganin da aka ce yana gyara fata yana kashe ciwo ba zai rasa mai saye ba. Cikin irinsu akwai noni, da ake tallarsa a kwalba, a sabulu da man shafawa, galibi ta WhatsApp da Facebook.

Noni ba itacen ƙasar Hausa ba ne. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya, daga nan ya yaɗu zuwa tsibiran tekun Fasifik, irin su Tahiti da Hawai, kuma masana tsirrai suna kiransa Morinda citrifolia. Dangi ɗaya suke da kofi, da tafashiya da gauɗe na dazukanmu. Ɗan guntun itace ne mai faffaɗan ganye mai sheƙi, 'ya'yansa masu gudaji-gudaji, idan sun nuna su yi fari su yi taushi, su riƙa wari mai tayar da zuciya. Warin nan ne ya sa masu sarrafa shi suke gauraya ruwansa da na inabi.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, mutanen da suka gaji itacen nan kaka da kakanni sun fi amfani da shi a bayan fata. Su gasa ganyen ya yi laushi, su ɗora a kan maruru, ko kumburi, ko gaɓar da ke ciwo. Su daka ɗanyen ɗan itacen su manna a rauni. Saiwarsa kuwa rini suke yi da ita, ja da rawaya. Shan ruwansa kullum safiya a matsayin maganin kowace cuta sabon abu ne, kuma kasuwa ce ta haife shi. A 1996 wani kamfani mai suna Morinda, a jihar Utah ta Amurka, ya fara sayar da ruwan noni na Tahiti ta tsarin nan na ka kawo mutane ka ci riba. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1998, manyan lauyoyin gwamnatin jihohi huɗu na Amurka suka tuhumi kamfanin da cewa yana alƙawarin warkar da cututtuka ba tare da hujja ba, har ya biya dala 100,000, ya kuma amince ya daina.

To me bincike ya gano? A ɗakin gwaji, da kuma a jikin ɓeraye, an ga wasu sinadaran noni suna rage kumburi da raɗaɗi, suna kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Amma ɓera ba mutum ba ne. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane kaɗan ne, ƙanana ne, wasu ma masu sayar da shi ne suka biya kuɗinsu. Cibiyar gwamnatin Amurka mai nazarin magungunan gargajiya ta ce ba a tabbatar noni yana warkar da wata cuta a jikin ɗan Adam ba. Tarayyar Turai ta halatta sayar da ruwansa a 2003, amma a matsayin abin sha, ba magani ba.

Ɗora ganyen a gwiwa ko ƙugu ba shi da wani haɗari sosai, kuma ɗumin kansa yana sassauta jijiya. Sai dai a fara gwadawa a ɗan wuri ƙarami, a jira kwana ɗaya. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bari. Kada a cusa shi cikin ƙuna mai zurfi, ko gyambo, ko ciwon ƙafar mai ciwon suga.

Shan ne yake da magana. Ruwan noni yana ɗauke da sinadarin fotashiyam da yawa, kuma ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da shi. In ya taru a jini yana iya rikita bugun zuciya. Saboda haka mai ciwon ƙoda ya nisance shi, haka ma mai shan magungunan hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone. Abin tsoron shi ne, da yawa daga masu neman noni don ciwon gaɓɓai sun daɗe suna haɗiyar diclofenac daga kemis, wanda cin ƙoda yake yi a ɓoye. Sannan a 2005 likitoci a Ostiriya sun ba da rahoton mutanen da hantarsu ta kumbura bayan sun sha noni, har aka yi wa ɗaya dashen hanta. Hukumar kula da abinci ta Turai ta duba batun a 2006, ta ce ba ta ga gamsasshiyar hujjar cewa noni ne sanadi ba, amma mai ciwon hanta ba shi da dalilin yin caca da ransa. Wanda ya ga idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara, ya aje kwalbar ya nufi asibiti. Mai ciki da mai shayarwa su haƙura da shi.

Ba kowane ƙaiƙayi ne iri ɗaya ba, kuma nan ake yawan ɓata lokaci. Ƙazuwa ƙwaro ne ke shiga fata. Sai an shafa wa duk mutanen gidan magani lokaci guda, an wanke kayan kwanciya an shanya a rana. Makeron kai, mai cin gashin yara, sai da maganin sha na makonni. Tabo mai haske da ba a jin taɓi a kansa yana iya zama farkon kuturta, wadda maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati. Babu ɗaya cikin ukun nan da sabulun noni zai taɓa. In kuwa bushewar hunturu ce da faso, man kaɗanya na kasuwar Funtua ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kai na kwalbar da aka ɗauko daga wata uwa duniya ba.

Wanda duk da haka yake son saye, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ya kuma sani cewa lambar da ake bai wa magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, tana nufin an gwada ba a ga cutarwa ba; ba ta nufin hukumar ta tabbatar da duk abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Ciwon gaɓar da ya haɗu da zazzaɓi da kumburi mai zafi, ko ciwon bayan da ya sauka ƙafa har ta mutu, babban asibitin Funtua ko na Malumfashi za a kai shi, in ya gagara a wuce asibitin koyarwa na Shika.