Mai Goge da Birnin Malamai

Tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, aka san unguwar Madabo ta Kano da karatu. A irin wannan unguwa, yaro ya ce zai koyi goge daidai yake da ya ce a cire shi daga dangi. Kirarin ma da ake yi wa abin kiɗan ya isa shaida: goge kan bidi'a. An haɗa shi da bori, da gidan magajiya, da wuraren shan giya, har aka manta cewa sana'a ce mai wuyar koyo.

A dubi kayan aikin. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, aka ɗaura tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki, ta hau kan ɗan jaki. Ana shafa ƙaro a izga don ta kama. Babu wata alama a jikin sandar da ke nuna inda yatsa zai sauka; kunne ne kaɗai malami. Damina ta yi, fata ta saki, sai an gasa ta kafin murya ta dawo. Gogen Turawa tsirkiya huɗu gare shi, da makarantu da takardar shaida. Namu da tsirkiya ɗaya yake magana, kuma a bayan maigida ake koyonsa, ana ɗaukar kaya ana amshi shekara da shekaru.

Duk da haka an yi gwanaye. Garba Liyo da Audu Yaron Goge sun yi suna da goge. A kukuma, ƙanwarsa, akwai Ibrahim Nahabu, da Hassan Wayam, da Garba Supa wanda "Amarya Ango" tasa ta zaga gidajen biki. Rediyo ya kai su har zaurukan da ba za a bar su su taka ba. Ahmadu Doka kuwa ajiye kukumar ya yi, ya ce ya tuba.

Abincin mai goge liƙi ne, ga 'yan amshi da 'yan ƙwarya duk suna jiran rabo. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, wuraren wasa suka ragu ƙwarai. Amma a ganina fiyano ya fi Hisba yi masa illa: yau uwar biki yaro ɗaya take ɗauka da kwamfuta da lasifika, kuɗinsa bai kai na tawaga ba, kuma ba mai cewa ta kira 'yan bori.